Kwamfuta A Asibiti: A Tambayi Mai Ɗaki Tukuna

A zamanin nan da wuya a yi maganar gyaran asibiti ba a ambaci kwamfuta ba. Ana cewa za ta ɗauke wa likita wahalar rubutu, ta hana katin majiyyaci ɓata, ta kuma faɗakar da mai ba da magani idan an rubuta abin da ya wuce kima. Duk wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma akwai abin da masu sayen na'ura suka saba mantawa, watau mutanen da za su yi aiki da ita, da tsarin aikin gidan da za a kai ta. A ganina nan ne nauyin al'amarin yake, hukumar da ta raina wannan gefe kuwa wasa take yi da rayukan mutane. Bari in kawo misalai daga Amurka da Ingila, inda aka riga aka gwada abin, aka kuma rubuta yadda ya kasance.

A birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka akwai wani babban asibitin yara. Cikin watan Oktoba na 2002 hukumar asibitin ta kawo tsarin kwamfuta na kamfanin Cerner, wanda likita zai riƙa shigar da umurninsa a ciki, na magani ko na gwajin jini ko na ɗaukar hoto, maimakon ya rubuta a takarda. Cikin kwana 6 kacal aka juyar da asibitin gaba ɗaya zuwa sabon tsari. Horon da aka ba ma'aikata kuwa na awa 3 ne, shi ma wata 3 kafin a fara aiki aka yi shi.

A shekarar 2005 waɗansu likitocin asibitin, Dakta Yong Han na gabansu, suka buga abin da suka gano a mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics. Sun duba yaran da aka kawo musu daga waɗansu asibitoci don ciwonsu ya yi tsanani. Cikin wata 13 kafin zuwan na'urar an kawo yara 1,394, guda 39 suka rasu, watau kashi 2.8 cikin ɗari. Cikin wata 5 bayan zuwanta an kawo 548, guda 36 suka rasu, watau wajen kashi 6.6 cikin ɗari. Mutuwa ta fi ninki biyu ke nan.

To, me ya jawo haka? Da can, tun yaro yana hanya likita kan ji labarinsa, ya rubuta magungunan da za a bukata, a shirya kome kafin ya iso. Sabon tsari ya hana shigar da umurni sai yaron ya iso an kuma yi masa rajista. Sa'an nan aka kwashe magungunan gaggawa daga ɗakin masu tsananin ciwo aka mai da su babban ɗakin magani, ba kuma za a ba da su ba sai umurni ya bi ta na'ura. Umurnin da ake rubutawa da alƙalami nan take ya koma sai an danna wajen sau 10, a ɓata minti ɗaya ko biyu a kan kowane guda. Har ta kai sai an ware likita guda ya zauna gaban allo yana shigar da umurni, ɗaya yana fama da yaron. Ma'aikatan jiyya su ma na'ura ta janye su daga bakin gado, maganar baki da baki tsakaninsu da likita ta ragu. In mai karatu ya lura, yawancin waɗannan abubuwa shawara ce da mutane suka zauna suka yanke game da yadda za a tsara aiki.

Don adalci, akwai masana da suka ce irin wannan bincike na kwatanta kafin da bayan bai isa ya tabbatar da cewa sabon tsarin ne ya jawo mace-macen ba. Maganarsu tana da ƙarfi. Amma a dubi abin da ya faru a asibitin yara na birnin Seattle, a can yammacin Amurka. Su ma tsarin Cerner ɗin nan suka saya, suka fara aiki da shi cikin watan Nuwamba na 2003. Kafin su fara, sai da shugabanninsu suka je Pittsburgh suka ga inda aka yi tuntuɓe. Suka sa likitocin ɗakin masu tsananin ciwo cikin masu tsara abin, suka shirya jerin umurni na cututtukan da aka saba gani don kada a riƙa shigar da su ɗaiɗai, suka yarda a yi wa yaro rajista tun yana hanya, suka kuma bar hanyar ɗaukar maganin gaggawa a buɗe. Da suka buga nasu sakamako a 2006, ba a ga ƙaruwar mutuwa ba. Na'ura ɗaya ce, kamfani ɗaya, gida biyu, ƙarshe biyu. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Wancan labarin asibiti guda guda ne. A Ingila kuwa ƙasa ɗungum aka yi wa. A shekarar 2002, zamanin Firayim Minista Tony Blair, Gwamnati ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri na sa bayanan kowane majiyyaci na Ingila cikin kwamfuta, yadda duk asibitin da mutum ya je za a ga tarihin ciwonsa. Niyya ce mai kyau ƙwarai. Aka raba ƙasar yanki 5, aka ba manyan kamfanoni kwangila, su BT da Accenture da Fujitsu da CSC, kuɗin farko ya kai fam miliyan 6,200. Amma daga hedkwata aka ƙulla kwangilolin cikin gaggawa, asibitocin da za su yi amfani da kayan ba su suka zaɓa ba, ba a kuma shawarci likitoci da ma'aikatan jiyya yadda ya kamata ba. Sai ga shi kowane asibiti yana da hanyar aikinsa, rigar da aka ɗinka wa kowa da awo ɗaya ta ƙi shiga. Accenture ya janye a 2006, kwangilar Fujitsu ta mutu a 2008, a watan Satumba na 2011 kuma Gwamnati ta ba da sanarwar wargaza shirin. Kwamitin Majalisa mai bin diddigin kuɗin jama'a ya faɗa a 2013 cewa abin da shirin zai ci ya kai wajen fam miliyan 9,800.

Ko da shi ke haka ne, ba duka aka yi hasara ba, kuma inda aka ci nasara akwai darasi. Tsarin ajiye hotunan ƙashi da na ƙirji cikin kwamfuta ya karɓu a asibitocin Ingila, domin amfaninsa a fili yake ga mai aiki da shi: ba sauran neman hoton da ya ɓata cikin rumbu. Har wa yau, likitocin unguwa na Ingila sun rungumi kwamfuta tun kafin manyan asibitoci. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi amfani da su, mai suna EMIS, likitoci biyu ne suka faro shi a ƙauyen Egton na lardin Yorkshire cikin shekarun 1980, don biyan bukatar aikinsu na kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa da Gwamnati ta nemi Farfesa Robert Wachter na Jami'ar Kalifoniya ya ba ta shawara, rahotonsa na 2016 ya ce a horar da likitoci da ma'aikatan jiyya masu ilmin wannan fanni, a ba su matsayin shugabanci a asibitoci, a kuma bar kowane asibiti ya shiga gwargwadon shirinsa.

Watakila wani zai ce, ai ɗan Adam ba ya son sauyi, in za a jira sai kowane likita ya yarda, ba za a taɓa yin kome ba. Lalle akwai masu taurin kai, akwai kuma waɗanda ba su son na'ura don tana tona asirin mai sakaci. Shawara ba ta nufin a ba kowa ikon hana ci gaba. Abin da take nufi shi ne a bambance kukan malalaci da kukan mai gaskiya. Ma'aikaciyar jiyya da ta ce allon nan yana hana ta kallon majiyyacinta, gaskiya ta faɗa, kuma ta faɗi abin da injiniya ba zai gani daga ofis ba. Ko faɗakarwar da ake yabon na'ura a kai, in ta yi yawa takan zama banza. Wani nazari da masana na ƙasar Holan suka buga a 2006 ya nuna likitoci kan tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin magani da kwamfuta ke yi musu. Ƙararrawar da ke kaɗawa dare da rana, wata rana za ta kaɗa don wuta ba wanda zai waiwaya.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya wajaba ga duk hukumar da ke da niyyar wannan aiki. Da farko a zauna da masu aikin, tun daga likita har magatakardan da ke ba da kati, a bi sawun majiyyaci daga ƙofa zuwa gado, a ga inda sabon tsari zai tare hanya. Na biyu, a fara da sashe ɗaya, a gyara kurakurai, sa'an nan a ci gaba. Na uku, a ba horo haƙƙinsa. Duk malamin da ya tsaya gaban aji ya sani darasin da aka koyar sau ɗaya, aka bar shi wata uku ba bita, ya tafi ke nan. Horo na ƙwarai sai an yi shi kusa da lokacin fara aiki, da irin aikin da mutum zai yi da hannunsa, a kuma ajiye gwanaye cikin ɗakunan jiyya makonnin farko don taimakon wanda ya rikice. Makarantun koyon aikin jiyya da na likita su ma ya kamata su sa wannan cikin manhajarsu, ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, a bar hanyar gaggawa a buɗe ko yaushe, kada yaro ya jira rajista numfashinsa yana sarƙewa. Na biyar, a riƙa auna sakamako, a buɗe wa ma'aikata ƙofar kai kuka ba tare da tsoron horo ba. Likitocin Pittsburgh sun cancanci yabo a nan, gama sun fito da abin da ya faru a gidansu a fili don wasu su amfana.

Asibitocinmu ma waɗansu sun soma shigar da kwamfuta wajen rajista da ajiye bayanai, ga kuma matsalar wutar lantarki da ƙarancin ma'aikata da suka fi na waɗancan ƙasashe tsanani. Muna da sa'a guda, wasu sun riga mu shiga, sun biya kuɗin makaranta da dukiya mai yawa. Ina roƙon shugabannin ma'aikatun lafiya, duk lokacin da aka kawo musu takardar kwangilar na'ura, kafin su sa hannu su tambaya: wa aka shawarta cikin masu jiyya, nawa aka ware don horo, me za a yi ran da allo ya mutu ga majiyyaci a kwance? In babu amsa, a dakata. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu gane, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.