RA'AYINMU: Sai Ranar Juma'a Za Mu Ɗebi Ruwa?

Kowane ɗan Daura ya tashi da labarin rijiyar Kusugu. An ce wani maciji mai suna Sarki ya tare a cikinta, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Abin lura a labarin shi ne, macijin bai ƙafar da rijiyar ba. Ruwa yana nan, jama'a suna kallonsa, amma ranar ɗiba tana hannun wani. To, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a kan wannan muke son mu yi magana, watau yadda ikon Gwamnati yakan tsaya tsakanin mutum da abin da yake nasa ne tun asali.

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa gonaki da zumunci, ta bar wa a nan, ƙane a Magarya ko Matamaye. Ga mutumin Kwangwalam, ƙetare iyaka zuwa biki ne, ko jana'iza, ko cin kasuwa. Saboda haka duk umurnin da aka sa wa hannu a fadar Gwamnati game da iyaka, a tukunyar mutanen nan yake fara bayyana.

A watan Afrilu na 1984 Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari, haifaffen Daura, ta rufe iyakokin ƙasa, ta kuma canja launin takardun Naira cikin 'yan kwanaki. Ba a buɗe iyakokin ba sai a 1986, bayan Gwamnatin ta faɗi. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, a watan Nuwamba kuma Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Mai injin ban-ruwa da ɗan acaɓa, waɗanda ba su taɓa fitar da ko kwalba ɗaya ba, suka shiga layi ɗaya da masu laifi. Da aka buɗe iyakoki huɗu a watan Disamba na 2020, babu ta Jihar Katsina a ciki. Ta Jibiya sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake datsewa, har zuwa watan Maris na 2024.

Ba mu ce Gwamnati ba ta da hujja ba. Fasa-ƙwauri gaskiya ne, makamai suna shigowa, manomin shinkafa kuma yana da hakkin a kare guminsa. Ƙasar da ba ta iya tsare ƙofarta, ba ta iya tsare 'yancin kowa. Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ba ɗan ƙasa 'yancin walwala a sashe na 35, da na faɗin albarkacin baki a sashe na 39, da na zirga-zirga a sashe na 41, shi ne kuma ya yarda a taƙaita su saboda tsaro da zaman lafiya. Amma ya gindaya sharaɗi: sai da doka, dokar kuma ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasa mai bin dimokuraɗiyya. A nan ne gizo ke saƙar.

Mu duba abin da ke faruwa idan aka tsallake wannan sharaɗi. Doka ta 2 ta 1984 ta ba hukuma ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu tambaya. Doka ta 4 ta mai da buga labarin da zai kunyata jami'in Gwamnati laifi, da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. A watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku saboda miyagun ƙwayoyi, bisa dokar da aka mayar da aikinta baya. Jama'a da yawa sun yi tafi a lokacin, domin sun gaji da ɓarnar 'yan siyasa. Amma ranar 27 ga Agusta 1985 aka yi juyin mulki, shi kansa Janar Buhari aka tsare shi fiye da shekara uku ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ƙofar da aka rufe wa wasu, da ya zo nema, ya tarar da ita a rufe.

Marigayin ya rasu ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi masa sutura a Daura, Allah ya jiƙansa. Mutane masu yawa sun shaide shi da gudun abin duniya. Wannan ma shi ya sa darasin ya fi nauyi. Idan ikon da ba shi da linzami ya cutar da bayin Allah a hannun mutumin da ake kyautata wa zato, ina ga ranar da ya faɗa hannun wanda ba ya jin kunyar kowa? Doka ba ta bin mai ita kabari. Tana nan tana jiran wanda zai gaje ta.

Inda aka bar linzamin kuwa, an ga amfaninsa. Da aka dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa an saɓa wa doka. Da canjin kuɗi na farkon 2023 ya bar mutane suna kwana a bakin banki, mai akuya ya kai ta kasuwa ya rasa mai tsabar kuɗin saye, jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. A 1984 babu kotun da za ta iya faɗin haka. Bambancin mulkin doka da mulkin umurni ke nan.

Don haka muna ganin duk manufar da za ta rage wa mutum 'yanci, lalle ta amsa tambayoyi huɗu. Wace doka ce ta ba da izini, wakilan jama'a sun tattauna ta kuwa? Yaushe za ta ƙare? Wa zai ɗauki asarar wanda bai ji ba bai gani ba? Ina kuma wanda aka zalunta zai kai kukansa? An hana garuruwan bakin iyaka fetur da takardar umurni kawai, ba ranar ƙarewa, ba diyya, ba a kuma tambayi mai ɗaki ba, alhali shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma laifinmu. Sau da yawa mun yi shiru saboda mai mulki namu ne, muka ɗauki kuka a matsayin cin amana. Ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya saba yin shiru don ɗan garinsu ne ke kan kujera, ran da baƙo ya hau, zai nemi muryarsa ya rasa.

Ku da kuke aji yau, gobe ku ne akawu, ku ne jami'an kwastan a shingen hanya, ku ne masu tsara takardar da babban sakatare zai sa wa hannu. Umurni ba ya aiwatar da kansa, sai da hannunku. Ku karanta babi na huɗu na Tsarin Mulki kamar yadda kuke karatun jarrabawa. In an kawo muku takarda, ku tambayi dokar da ta dogara a kai, ku rubuta ra'ayinku cikin fayil da ladabi, ko da ba za a bi shi ba. In kun tare tsohuwa da kwanon gero a hanyar Mai'aduwa, ku tuna an ba ku kaki ne don ku tsare mata rijiyar, ta ɗebi ruwa kowace rana ta Allah.

Allah ya ba shugabanninmu adalci, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambaya. Amin.