Rawar Hannun Inna Ba Jifa Ba Ce



Kwanakin baya a wani gidan suna nan Dayi, na ga wata dattijuwa ta ƙi karɓar kunu, ta ɓoye hannunta cikin mayafi. Da na matsa sai na ga hannun yana rawa, babban yatsa na gogar manuni kamar mai jan carbi. Matar ɗanta ta raɗa mini cewa shekara uku ke nan, wai jifa ne. An yi hayaƙi, an sha jiƙe-jiƙe, har akuya biyu sun tafi, amma ba a taɓa zuwa asibiti ba.

Uwargida, sau da yawa irin wannan ciwo ne mai suna Fakinson, sunan likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1817. Wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki, suke mutuwa sannu a hankali. Alamominsa su ne rawar hannu yayin da mutum ke zaune, sanƙarewar gaɓoɓi, nauyin jiki, jan ƙafa da raunin murya. Shi ne ya kama ɗan damben nan Muhammad Ali a 1984, kuma ya rayu da shi har 2016.

Akwai likitocinmu na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da suka duƙufa a kansa. A 2012 Dakta Lukman Owolabi da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan masu ciwon da suka duba a Kano. Ga kuma mace 'yar uwarmu, Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, wadda ta shafe shekaru tana bibiyar masu ciwon a faɗin Nijeriya. A 2023 ita da abokan bincikenta sun gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin kamuwa da shi a tsakanin baƙar fata. Kin ga ashe ba ciwon Turawa kaɗai ba ne.

Ba ya warkewa, amma akwai maganin lebodofa da ke sassauta shi, har mutum ya ci abinci ya yi alwala da kansa. Sharaɗinsa shi ne sha kan lokaci, kuma kada a daina sai da izinin likita. Ki lallashi maigida a fara da babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, a nemi takardar turawa zuwa asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika. Mu yi addu'a, mu nemi magani, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Mu manoma kuma sai mun kula, domin bincike ya danganta maganin ciyawa na farakwat da wannan ciwo. Ki tuna wa maigida ya rufe hanci da hannu wajen feshi, ki wanke kayan feshinsa daban, kada kuma ki zuba ruwa ko mai a galan ɗin magani.

Idan Inna ta zubar da kunu, kada ki yi tsaki. Ki ba ta kofi mai marfi, ki zauna ki jira ta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.