Filin Gyara Kayanka: Kujerar Yaro Ta Gwanjo, A Tambayi Asalinta

A wannan wata za mu duba wani kaya ne da ya fara yawa a gidajenmu na Zango, wato kujerar nan da ake ɗaure yaro a cikinta a bayan mota.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanan baya mun halarci wani suna a Nima, sai kawun jaririn ya kawo irin wannan kujera a matsayin tasa gudummawa. Ga ta fes, an wanke ta tana ƙamshin sabulu, mata suna ta sa albarka. Da muka kifa ta muka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta, sai muka ga ashe ta girmi yayar jaririn da ke shirin gama sakandare. Muka tambayi kawu inda ya samo ta, ya ce a bakin titi, wurin masu kayan waje. Wa ya yi amfani da ita a can? Ya ce oho.

Ba mu ga laifin kawu ba, don alheri ya nufa. Kuma mu ba mu raina gwanjo ba, domin da shi muka tashi. Riga, takalmi, firji, har motar kanta, yawancinsu wani ya mora kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. To amma idan firji ya ƙi aiki, asarar miya aka yi. Ita kuwa kujerar yaro, rana ɗaya tak ake bukatar ƙarfinta, kuma ran nan ba ta sallama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce hatsarin hanya yana cin ran mutane kimanin miliyan 1 da dubu 190 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100. Dalili kuwa a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa ɗaya idan ta yi karo, abin da ke cikinta tamkar ya faɗo ne daga bene mai tsawon mita 10. Babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a wannan hali, komai ƙaunar da take masa. Saboda haka ba cewa muke a bar kujera a koma ga cinya ba. Cewa muke a san wadda za a saya.

Matsalar ta gwanjo ita ce ba ta faɗin abin da ya same ta. Mai sayen tukunyar ƙasa yakan ƙwanƙwasa ta ya ji amonta, in da tsaga ya gane. Kujera ba ta da amo. A ƙarƙashin ƙyallenta akwai roba mai tauri da wani farin soso, aikinsu shi ne su shanye bugu a madadin jikin yaro. Idan suka shanye sau ɗaya sun gama aikinsu, kamar hular kwanon mai babur. Robar tana iya tsagewa ta ciki, maɗaurin ya saki, alhali ido bai ga komai ba. Shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka take cewa a sauya kujera bayan duk wani hatsari mai ƙarfi. Mu kuwa kowa ya san da yawa daga cikin motocin da ake kawo mana daga Amurka bugaggu ne, a nan ake gyara su. Idan aka tsinci kujera a cikin irin wannan mota, ai ba sai an tambayi boka ba.

Sai kuma tsufa. Duk matar da ta taɓa barin bokitin roba a rana ta san yadda yake ƙoƙewa, ran nan a ɗaga shi ya ɓare. Haka robar kujera take, balle a cikin motar da ke wuni a ranar Tamale. Kujerun Amurka sukan zo da ranar da aka ƙera su, kuma kamfanoni sukan ba su wa'adin shekara 6 zuwa 10. Wadda ta wuce wa'adinta, ko ta kai ina wajen kyau, a bar wa mai ita.

Kujerun Turai kuma suna ɗauke da wata 'yar takarda mai ruwan lemo, da harafin E a cikin da'ira. Lambar da ke gefen harafin ita ce ƙasar da ta amince da kujerar: 1 Jamus, 2 Faransa, 4 Holan, 11 Ingila. A takardar za a ga ko dai R44 ko R129. Ita R129 ta fito ne a 2013, ta ƙara gwajin bugu ta gefe, ta kuma wajabta yaro ya fuskanci baya har ya kai wata 15. Tun daga 1 ga Satumba 2024 aka daina sayar da sababbin kujerun R44 a ƙasashen Tarayyar Turai, ko da yake ba a hana masu su ci gaba da amfani da su ba. Wadda aka rubuta wa R44/04 tana da sauran amfani in lafiyarta ƙalau. Amma R44/01 da R44/02 tun 2008 Turawa suka haramta wa 'ya'yansu. Abin da mai shi ya ce bai dace da ɗansa ba, don me zai dace da namu?

Ga shawararmu. Kujerar hannu da ta fi kowace ita ce wadda aka san gidan da ta fito. Ta yayarki ko ta maƙwabcinka, wanda zai dube ka ya ce ba ta taɓa shiga hatsari ba, ta fi mai sheƙi ta bakin titi, ko da ƙyallenta ya koɗe. Ko ita ɗin ma a zare rigarta a duba robar a cikin haske, a nemi tsaga ko wurin da ya yi fari-fari alamar ya lanƙwashe. A bi maɗaurin da yatsa daga farko har ƙarshe, kada ya zama ya tsinke ko an yi masa ɗinki. A maƙala ƙarfen a ji ya ce ƙas, a ja da ƙarfi a tabbatar bai kuɓuce ba. Idan an kankare takardun jikinta, ko wani ɓangare ya ɓata an ɗaure da waya, ciniki ya ƙare. Kada kuma a jiƙa maɗaurin da ruwan bilic wai don ya yi haske, domin yana cinye zaren.

A kuma gwada ta a cikin motar kafin a biya kuɗi. Wasu kujerun da bel ɗin mota ake ɗaure su, wasu kuma sai da ƙugiyoyin ƙarfe da ake kira ISOFIX, waɗanda tsofaffin motoci da yawa ba su da su. Bayan an ɗaure, a girgiza ta. In tana rawa, ba ta ɗauru ba. Wurinta bayan mota ne, kuma kada a kuskura a sa kujerar da ke fuskantar baya a gaba inda akwai jakar iskar nan mai fashewa lokacin karo.

Muna da saƙo ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Jamus da Italiya masu aiko mana da kaya. Don Allah ku aiko da wadda ta fito daga ɗakinku, tare da ɗan littafinta, ba wadda aka tsinta a bakin bola ba. Mu kuma na gida, idan tsautsayi ya sami motarmu da kujera a ciki, mu sa almakashi mu yanke maɗaurinta kafin mu jefar, don kada wani ya tsinta ya wanke ya sayar wa wani uban.

Shi dai kawu bai yi fushi ba. Ya ɗauki kujerarsa, dangi suka yi karo-karo a nan take don a sayi wata. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya raya mana zuriya, ya kiyaye hanya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.