Bature ya ɗauki hoto, wa ya tuƙa motar? Zare kan fim ɗin A Taxi Driver

1/ Jama'a, ba soyayya kaɗai ake yi a fina-finan Koriya ba. Akwai A Taxi Driver na 2017, wanda duk mai sha'awar aikin jarida ya kamata ya kalla. Zaren yana da tsawo, kuma zan fasa ƙwai. Wanda bai kalla ba ya adana, ya dawo daga baya.

2/ Tushen labarin gaskiya ne. A watan Mayun 1980 sojojin Janar Chun Doo-hwan, wanda ya ƙwace iko da ƙarfin bindiga, suka auka wa birnin Gwangju a Koriya ta Kudu. Ɗaliban jami'a ne suka fara zanga-zanga ranar 18 ga wata, mutanen gari suka mara musu baya. Sai ranar 27 sojoji suka murƙushe su.

3/ Alƙaluman hukuma sun ce mutum kusan 200 aka kashe, iyalan mamata sun ce abin ya fi haka. An toshe hanyoyi, an katse layukan tarho, jaridu ba sa buga komai sai abin da soja ya yarda. Mutumin Seoul yana zaune yana jin wai 'yan tayar da zaune tsaye ne ke ɓarna.

4/ Nan Jürgen Hinzpeter ya shigo, ɗan jaridar talabijin na Jamus da ke aiki a Tokyo. Ya hawo jirgi, ya ɗauki tasi daga Seoul, ya kutsa Gwangju da kyamara. Hotunan da ya fitar suna cikin abin da ya nuna wa duniya ainihin abin da ake yi wa mutanen garin.

5/ A fim, direban (Song Kang-ho, baban nan na Parasite) matarsa ta rasu, yana da 'ya ɗaya, ana bin sa kuɗin haya. Ya ji Bature zai biya won 100,000, ya yi wuf ya ƙwace aikin. Bai san inda zai sa kansa ba. Shi a ganinsa ɗalibai sun ƙoshi ne shi ya sa suke zanga-zanga.

6/ Ga ra'ayina. Abin da ya sa fim ɗin ya yi fice shi ne bai mai da Baturen jarumi ba. Irin waɗannan fina-finai sun saba: baƙo ya zo da kyamara, ya sha wuya, ya koma gida a ba shi lambar yabo, 'yan ƙasa kuma su zama kamar labule a bayansa. Nan direba ne a gaba.

7/ Kuma haka gaskiyar aikin take. Ɗan jaridar waje yana da fasfo, da ofishin jakadanci, da tikitin komawa. Direba da tafinta fa? Idan kyamara ta tafi, su ne za su kwana a garin da sojan da ya ga fuskarsu. A fim, ɗalibin da ke yi musu tafinta gawarsa aka tarar a asibiti.

8/ Wani zai ce ai Baturen ma ya sa ransa a haɗari. Ƙwarai kuwa, kuma ban rage masa komai ba. Ya yi shekaru yana neman direban, ya rasu a Janairun 2016 bai same shi ba. Gashinsa da farcensa ma a Gwangju aka binne. Amma ku lura, nasa sunan an san shi tun 1980. Na direban fa?

9/ Sai da fim ya fita, mutum sama da miliyan 12 suka kalla a Koriya, sannan wani ya fito da tsoffin hotuna ya ce mahaifinsa ne. Kim Sa-bok. Ashe ya rasu tun 1984, shekara huɗu kacal bayan Gwangju. Ya mutu duniya ba ta san abin da ya yi ba.

10/ Nan kuma nake da ƙorafi kan fim ɗin. A cewar ɗansa, Kim Sa-bok na gaske direban tasin otal ne da ya saba aiki da 'yan jaridar waje. Wato ya san ƙasarsa, ya san abin da ake ciki. Fim sai ya mai da shi wanda kwaɗayin kuɗi ya ja, daga baya idonsa ya buɗe.

11/ Na gane, labarin mai tuba ya fi sa hawaye. Amma wanda ya san akwai wuta ya shiga ya fi wanda ya faɗa bai sani ba jarumta. Me ya sa ko da za a yabi talaka sai an fara nuna shi bai san komai ba? Ga kuma tseren motocin ƙarshe, wallahi kamar fim ɗin Indiya, bai dace da nauyin labarin ba.

12/ Ba wannan ne farko ba. A The Killing Fields na 1984, Sydney Schanberg na New York Times ya bar Kambodiya ya samu kyautar Pulitzer a 1976. Abokin aikinsa Dith Pran ya yi shekara huɗu a hannun Khmer Rouge kafin ya tsira.

13/ Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Rahotannin da kafofin waje suka yi daga Maiduguri a shekarun Boko Haram, akwai wanda ya tuƙa, akwai wanda ya fassara Kanuri da Hausa, akwai wanda ya lallashi uwa ta yi magana. Sau nawa kuka ga sunansu a ƙasan allo?

14/ Wani lokaci ɓoye sunan kariya ce, na yarda. To amma a biya su da kyau, a tsaya musu idan ƙura ta tashi, kuma idan haɗari ya wuce a faɗi sunan. Kada a jira sai ɗan mutum ya fito da hoto bayan shekara 37.

15/ Ku nemi fim ɗin ku kalla. Wanda ya riga ya kalla, sojan nan na shingen ƙarshe da ya ga lambar motar Seoul a but ya rufe ya ce su wuce, me kuka ɗauka a kansa? Ina jiran ku a ƙasa.