Kafin Mu Sa Rigar Yaye, Mu Shirya Hanyar Gida

Da watan Yuni ya gabato, jami'o'in Guangzhou, irin su Sun Yat-sen da Jinan, sukan cika da hidimar bikin yaye ɗalibai. 'Yan uwanmu na kare kundin bincikensu, ana gwajin riga da hula, ana kai-komo a Xiaobei don shirya walima. Murnar ta cancanta, domin wanda ya jure koyon Sinanci da kewar gida na tsawon shekaru ya ci a taya shi farin ciki.

Sai dai shirin da ya fi muhimmanci shi ne wanda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Izinin zaman ɗalibi yakan ƙare jim kaɗan bayan biki. Kafin nan, shaidar kammala karatu na buƙatar tantancewar hukumomin Sin da na jakadancin Nijeriya, domin Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Apostille da Sin ta fara aiki da ita a Nuwamban 2023. A gida kuma akwai tantancewar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kafin shiga NYSC, ga jarrabawar MDCN da ke jiran likitocinmu. Wanda ya hau jirgi da takardu ba cikakku ba, zai iya shafe watanni yana zaman jira.

A nan ne siyasar gida ta shigo. Shugabanninmu sun ƙware wajen rakiyar ɗalibai zuwa filin jirgi da ɗaukar hoto, amma ranar dawowa sai a nemi kowa a rasa. A 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da tallafin BEA, bayan ɗalibai sun daɗe suna kukan rashin biyan alawus. Mu kuwa ba mu da ƙuri'ar da za mu hukunta kowa da ita, tunda har yau ɗan Nijeriya ba ya zaɓe daga ƙetare.

Shawarata ga ƙungiyarmu biyu ce. Ta ware rana guda kafin walima don duba takardun kowane mai kammalawa, ta gayyaci ƙaramin ofishin jakadancinmu na Guangzhou. Sannan ta aika wa gwamnatocin jihohinmu da NiDCOM jerin fannonin da muka karanta, tana neman amsa a rubuce kan gurbin da aka tanadar mana. Masu komawa kuwa, su fara da karɓar katin zaɓe.

Allah Ya sanya albarka a karatunmu.