Muna kallon na Kano, ina namu na Damagaram?



Duk wanda ya zaga fadojin Zango bayan sallar isha'i ya san hirar da ake yi a bakin shayi. In ba ƙwallo ba, to fim mai dogon zango ne. Wanda bai ga fitowar makon nan ba sai ya toshe kunne, don akwai masu bakin da ba ya riƙe labari, Allah ya shirye su. Wanda kuran ya ɗauke masa ko forfensa ya ƙare, gobe da sassafe yana wurin mai tura fim a kasuwar Dole.

Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan Daɗin Kowa ya biyo baya, kallonmu ya sake. Kwana Casa'in ya sa mun yi gardamar siyasar Alfawa, jihar da babu ita a taswira, kamar a can za mu jefa ƙuri'a. Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad kuwa sun raba gidaje gida biyu, har uwa da ɗiya kan yi fushi a kan wa ya dace da Sumayya. Ba mu ganin laifin wannan. Harshenmu ne, kuma sun iya aikinsu.

Abin da ke damunmu daban ne. Garin nan ne fa inda ƙungiyar su Yazi Dogo ta yi wasan kwaikwayon da duk Nijar ke jira a rediyo da Télé Sahel. Iyayenmu sun ga kansu a ciki: ɗan kasuwa, ma'aikacin gwamnati, ɗan lakwal mai jin faransanci ya fi kowa. Yau yaranmu sun san matsalolin gidajen Kano, amma wa ya nuna musu wahalar ruwa ta Damagaram, ko matan da ke tafiya Aljeriya da ƙananan yara, a fim ɗin da za a yi mako ana muhawara a kai?

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne, amma Izzar So a YouTube ya tashi, bai jira gidan telebijin ba. Kuma mu masu kallo muna da namu laifin: in matasanmu suka ɗora gajeren wasa, sai mu wuce, ko mu yi dariyar hausarsu wai ba ta Kano ba ce. Kuɗin da muke ba mai turawa kuwa ko dala ba ta isa hannun wanda ya shirya fim ɗin.

Ƴan kasuwar Zango da ke neman inda za su yi talla, ku nemi yaran nan ku ɗauki nauyin fitowa goma ta farko.