Turancin Aji: Maganar Da Ba Mu Koya Wa Yara Ba

Wannan mako da 'yan'uwana malaman makaranta na ke magana, a kan ɗan Turancin nan da mu ke yi wa yara kullum a cikin aji.

Duk wanda ya taɓa zama bisa bencin makaranta ya san shi. Malam ya ce "Stand up," a miƙe. "Sit down," a zauna. "Open your books," a buɗe littattafai. "Clean the board," wani ya tashi ya shafe allo. Waɗannan ba su da aibi, gama kowace tare da aikinta ta ke tafe. Yaro ya ji da kunne, ya gani da ido, ya aikata, sai ta zauna masa ba sai an fassara ba.

Wahalar tana ga maganar da ba ta da aikin da za a nuna. Shekarar da na fara koyarwa na ce wa 'yan aji huɗu, "Repeat after me." Sai suka ɗauka baki ɗaya, "Repeat after me!" Na ce, "Do you understand?" Suka ce, "Yes, sir!" har ɗakin yana amsawa. Da aka tashi na kira wani yaro mai hazaƙa, na tambaye shi da Hausa ma'anar abin da na ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, mu dai mun lura in ka ɗaga murya a ƙarshen magana, Yes sir a ke cewa." Na yi shiru. Ashe wata uku karatun aku mu ke yi, laifin kuwa nawa ne.

Tsarin ilmin Nijeriya na 2004 ya ce a koyar da yaro da harshen garinsu shekara uku na fari, sa'an nan daga ta huɗu a riƙa shigo da Turanci sannu sannu. To, a wannan gaɓa yara da yawa ke ɓacewa, don duk Turancin da su ka ji na umurni ne. Mun ba su abin da za su bi, ba mu ba su abin da za su roƙa da shi ba.

Saboda haka ga shawarata. Tun makon fari a koya wa yara magana huɗu tasu ta kansu: "I do not understand," watau ban gane ba, "Please say it again," don Allah a sake faɗi, "What does it mean?" mene ne ma'anarsa, da "How do you say it in English?" yaya a ke faɗinsa da Turanci. A rubuta su gefen allo, kada a shafe. Wanda ya fara faɗin ɗaya a yaba masa gaban 'yan'uwansa, kada a harare shi, balle bulala. Malam kuma ya rage "Do you understand?" ya koma "Show me," watau nuna mini. Wanda ya gane zai nuna, wanda bai gane ba ka gan shi tun da sauran gyara.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Amma yaya zai yi tambaya in ba a ba shi bakin yin ta ba? Malamin da ya jarraba wannan, ina roƙonsa ya rubuto mu ji yadda ta kaya. Allah ya sa mu dace, amin.

Naku,
Tsohon Malami